Ranar da Aka Kashe wa Baffa Tanimu Inji

A Makera, idan aka ambaci Baffa Tanimu, abu ɗaya ake tunawa. Wai shi ne mutumin nan da ya kasa ba da auren 'yarsa, ya tsaya yana "na, na, na" a lasifika har aka karɓe abin magana daga hannunsa. Suna faɗa suna ƙyaƙyata dariya, har da waɗanda ba su je wurin ba. Ni ce A'isha, wadda ake kira Indo, 'yar wansa. A hannunsa na girma, kuma ina nan ranar da abin ya faru. Ban ce ƙarya suke yi ba. Amma ba su san mafarin abin ba, ba su ga ƙarshensa ba, kuma babu wanda ya taɓa tambaya.

Baffa ƙanin mahaifinmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Daga wani ƙauye na ƙasar Malumfashi suka zo Kaduna, suka sami aiki a wata masaƙa a Kakuri. Babanmu ya rasu ina firamare, ya bar Innarmu da ni da yayata Balaraba, wadda muke kira Larai. Ba mu da ɗan'uwa namiji. Dangi suka zo gaisuwa, suka ci tuwon sadaka, kowa ya kama gabansa. Baffa, da matarsa ta rasu tun kafin a haife ni bai kuma sake aure ba, shi ne ya naɗe tabarmarsa ya dawo ɗakin da ke jikin zaurenmu. Daga ranar, cinmu da suturarmu da makarantarmu suka koma wuyansa. Da jiniyar masaƙa yake fita, ya dawo da farar ƙurar auduga a gira da gemu kamar wanda ya tsufa a wuni ɗaya.

In'ina yake yi tun yana yaro, kuma ba irin wadda mutum zai ɗan yi tuntuɓe ya wuce ba. Kalma takan tsaya masa a maƙogwaro, jijiyar wuyansa ta tashi, ya runtse ido, ya buga ƙafa kamar mai tura mota a laka. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne masu ƙarasa masa magana. Ya je wajen mai tebur sayen gishiri, yana cikin fama, mai tebur ya gaji ya miƙo masa goro. Sai ya karɓa ya dawo gida, ranar mu sha miya lami.

Amma a je ɗakin saƙa a tambaya. Can inda injuna suke ruri ba tsayawa, har sai ka kai bakinka kunnen mutum kafin ya ji ka, can Baffa ba ya in'ina ko kaɗan. Mai Labarai suke kiransa. Akwai ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, wani abokin aikinsa ya zo dubiya, ya ji shi yana kokawa da "sannu da zuwa". Mutumin ya fito tsakar gida a firgice ya ce wa Inna, "Baiwar Allah, zazzaɓin nan ya taɓa masa harshe fa, a kai shi asibiti!" Shekaru suna aiki kafaɗa da kafaɗa, bai taɓa sanin abokinsa na da in'ina ba.

Mu kuwa a gida, da damina muke samun Baffanmu. Ruwa ya sauko kan kwano da la'asar, sai mu ruga zaure ni da Larai, ya gyara zama ya kama ba mu labarin kakanmu mai rini, da yunwar da ta kore su daga tsohon gari, da wace ce ta haifi wa. Duk abin da na sani na danginmu a ƙarƙashin ƙarar ruwa na ji shi. Mun ma san irin ruwan da ake so. Yayyafi ba ya isarsa, yana nan yana tuntuɓe. Idan kuma aka tsuge kamar da bakin ƙwarya, bakinsa na tafiya sarai amma ba ma jin komai. Na tsakiya shi ne namu. Da rani kuwa yana da dabara: ya ɗauko ƙaramar rediyonsa ya murɗa ta tsakanin tasha da tasha, inda ba kowa sai "shuuu", ya daidaita ƙarar, sannan ya ce, "Indo, zo ki gaya mini me aka koya muku yau."

Ina aji huɗu a sakandare na tambayi malaminmu na kimiyya, Malam Nicholas, yadda hayaniya za ta miƙar da bakin mutum alhali ita aka sani da rikita mutane. Ya ce shi ba likita ba ne, amma ga abin da yake zato. Kowa yana magana ne yana sauraron kansa yana gyarawa. Wataƙila Baffa ya cika sauraron kansa, gyaran ya riƙa zuwa yana take kalmar da ke hanyar fitowa. Ƙara idan ta zo daidai sai ta ɗan rufe masa kunne, maganar ta kama tafiyarta. Sannan ya fitar da mu fili, ya tsayar da mu nesa da bangon babban ɗakin taro, ya ce mu tafa. Muka tafa, can sai bango ya mayar mana da tafin. Ya ce, "Kun ji ya makara? Idan murya ta dawo maka kusa-kusa, tana iya zama abokin tafiya, ku jera ƙafa. Idan ta makara da yawa, sai ta tarar ka riga ka hau wata kalmar, ta harɗe ka. Ko mai lafiyayyen baki sai ya yi tuntuɓe." Na riƙe maganar nan, ban san ranar da za ta dame ni tana tafe ba.

A shekarar 1986 Shehu, wani tela a Unguwar Mu'azu, ya fito neman Larai. Suna son juna, kowa ya yi murna. A wurinmu, ko uba yana raye, ƙaninsa ne ke zama waliyyi ya ba da 'ya, balle wanda ya riƙe marayu. Ranar ɗaurin aure wakilin ango zai ce yana nema wa ɗansu auren wance, waliyyi ya ce ya bayar, shaidu su ji, a shafa Fatiha. 'Yan kalmomi ne. Amma su kaɗai ne abin da Baffa ya taɓa nuna yana so a duniya. Tun ana sa rana ya kai wa Shehu yadin shadda ya ɗinka masa babbar riga, shi da ban taɓa gani da abin da ya wuce kaftani ba.

Sai ga Alhaji Mamuda. Ɗan baffan babanmu ne, ɗan kwangila a Unguwar Sanusi, wanda tun sadakar arba'in ɗin babanmu ba mu sake ganin takalminsa a ƙofar gidanmu ba. Ya ji labarin cewa kawun ango, wanda zai yi wakilci, babban ma'aikaci ne a inda ake raba kwangila, shi ne zumunci ya motsa masa. Ya zauna a zaure yana kaɗa makullin mota, mu muna bayan labule.

"Tanimu, ka dai san yadda Allah ya yi ka," in ji shi. "Manyan mutane za su zo. Ka bar mini waliccin nan, kai ka kula da rabon goro."

Baffa ya buɗe baki, kalmar ta tsaya. Alhaji bai jira ba. "To ka gani? Madalla, mun gama."

"Ba a gama ba, Alhaji." Larai ce daga bayan labule. "Wanda ya saya mini takalmin makaranta shi zai ba da ni. In ba shi ba, a fasa."

Inna ta ce, "Ke, rufe mana baki, marar kunya!" Amma ba ta ce a janye maganar ba, Alhaji kuwa ya lura. Ya yi wata 'yar dariya ya ce shi ke nan, yaran zamani, shi dai zai ɗauki nauyin rumfa da kujeru da lasifika don a fita kunya. Har godiya muka yi masa. Duk lokacin da na tuna mun durƙusa mun yi masa godiya sai in ji kamar in mari kaina.

Baffa yana da shirinsa. A jikin katangarmu akwai rumfar Maman Eunice, mutuniyar wajen Pankshin, mai injin markaɗe. Ranar Asabar da hantsi, lokacin da aka sa ɗaurin auren, layin robobin tattasai da wake ba ya yankewa a wurinta. Baffa ya gwada wuri-wuri a ƙofar gida har ya gano ƙarshen dakali: nan ƙarar injin take isowa daidai, ta rufe masa kunne amma na kusa da shi su ji shi. Nan za a shimfiɗa wa Liman tabarma, kamar yadda ake yi a kowane ɗaurin aure a layinmu. Kullum ya taso aiki sai su yi gwaji. Maman Eunice ta naɗa tawul a kai ya zama rawani, ta bar inji yana aiki, ta zo ta kumbura murya.

"Ni ne wakilin ango, babban mutum daga ofis! Muna nema wa ɗanmu Shehu auren 'yarku Balaraba."

"Na ba shi auren 'yata Balaraba, bisa sadakin da aka ambata, Allah ya sa albarka." Tas, kamar mai karanta labarai.

"Kai, Tanimu! Da haka kake magana kullum ai da tuni ni ma na kawo kaina."

"Ai ke sadakinki inji ne, Maman Eunice, ba zan iya ba."

Ta kai masa duka da tawul. Ban taɓa ganin Baffa yana dariya irin ta kwanakin nan ba.

Ranar Asabar na farka na ji abin da ban saba ji ba: shiru. Na leƙa, rumfar markaɗe a rufe, Maman Eunice na zaune kan benci ta zuba tagumi. Ta ce tun jiya da yamma aka aiko mata da goro daga Alhaji, wai shi da manyan unguwa suna roƙon ta rufe inji sai an watse, don girmama addu'a.

"Mama, ke kin san abin da injin nan yake ga Baffa!"

"Na sani, na kuma faɗa wa ɗan aiken. Amma kin san irin zaman nan namu, Indo. In na tayar da inji Liman yana addu'a, gobe a ce na raina addinin mutane. Ina da 'ya'ya a unguwar nan."

Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba. Na juya na ga sauran aikin Alhaji. An kafa rumfa can tsakiyar layi, nesa da dakali. An ɗaure ƙahon lasifika a kan falwaya, an juya bakinsa yana kallon ƙaton bangon sito da ke ƙetaren fili. Mai lasifika ya haɗa waya da batirin mota ya yi sallama don gwaji, sallamar ta tafi ta bugi bango ta dawo bayan ya rufe baki. Nan take na gane. Tafin nan ne na filin makaranta.

Na ajiye kunya na tari Alhaji yana fitowa daga mota. Na durƙusa na ce, "Alhaji, don Allah a bar injin ya yi aiki, a kuma cire lasifikar nan. Baffa ba zai iya magana a haka ba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke kuma wa ya sa da ke? A ɗaura aure ana markaɗen tattasai, a gaban baƙi? Bokon nan ya lalata ku. Shige ciki wajen mata."

Don haka kada wani ya ce mini Alhaji bai sani ba. An gaya masa, ni na gaya masa da bakina. Baffa kuwa ya fito cikin sabuwar rigarsa, ya dubi rumfar markaɗe, ya dubi ƙahon nan, ya wuce ya zauna cikin mutane. Yaya zai tsaya gaban maza ya ce sai da ƙarar injin mace yake iya magana?

Mata ba sa zuwa wurin ɗaurin aure, muna cikin gida muna ji ta lasifika. Larai na ƙuryar ɗaki a lulluɓe, ƙawaye kewaye da ita. Liman ya buɗe da addu'a, shi kansa sai da ya yi tuntuɓe ya maimaita, na ji ya yi gyaran murya. Wakilin ango ya nema. Sai muryar Alhaji: "Jama'a a yi shiru! A yi shiru, waliyyi zai yi magana!" Layi ya yi tsit, ko kukan akuya babu.

Baffa ya ce, "Na."

Ta fita lafiya. Yana ƙoƙarin kama "ba" sai bango ya jefo masa "na" ɗinsa. Ya tsaya, ya koma baya ya sake farawa. Ta sake dawowa ta same shi a tsakiya. Ya sake. Tun yana faɗa shi kaɗai har ya zama kamar mutum biyu ne suke gardama da kalma ɗaya, kowa yana jiran ɗaya ya gama. Lasifikar nan har numfashinsa take watsawa unguwa, har bugun ƙafarsa a ƙasa. Sai wani ya tuntsire da dariya kusa da abin magana, bango ya dawo da ita ma. Na ga Larai ta cusa gefen mayafi a baki ta cije.

Na fita ta ƙofar baya da gudu zuwa wurin Maman Eunice. "Mama, tayar! Ni na ce ki tayar, duk abin da za a faɗa a faɗa a kaina!"

Ta dube ni, ta saurari abin da ke fitowa daga ƙahon nan, ta miƙe ta ɗaure zani. "Yau kam sai dai a kore ni daga Makera." Ta naɗa igiya a jikin inji ta fizga. Ya yi tari ya mutu. Tun jiya yake kwance, ya yi sanyi. Ta sake naɗawa ta fizga, ta sake, gumi na zuba, tana zaginsa da yarensu. Muna cikin haka muka ji muryar Alhaji, a natse, kamar wanda ya daɗe da shirya ta: "A madadin ɗan'uwana, na ba shi." Daga baya na ji cewa Liman ya dubi Baffa ya tambaye shi ko ya wakilta Alhaji, Baffa ya sunkuyar da kai ya gyaɗa. Aka ce Fatiha. Mutane suna shafawa, injin ya kama da ruri.

Kowa ya waiwayo. Alhaji ya ɗaga abin magana zai yi faɗa, ya fara "wane ne, wane, wa, wa," bango ya harɗe shi shi ma, ya ajiye. Wannan babu mai tunawa. Mai mota ba ya in'ina, kuskuren lasifika ne.

Jama'a suka rufu kan goro da alewa. Ni ina tsaye bakin rumfar markaɗe, na ga Baffa ya tashi. Ya ratsa mutane bai dubi kowa ba, ya je inda ango yake tsaye da abokansa, ya kamo hannun Shehu ya jawo shi har ƙarshen dakali. Ya tsaya daidai wurin da ya zaɓa. Hawaye na bin gemunsa, amma da ya buɗe baki ko gargada babu.

"Shehu, na ba ka auren 'yata Balaraba. Ni na raine ta, ni na san ta. Tana da baki, ka ji da kunnenka ko za ka ji, amma ba ta ƙarya kuma ba ta kwana da mutum a rai. In ta ɓata maka, ka zo ka gaya mini, kada ka ɗaga mata hannu. Ubanta ya bar mini ita amana, yau na sa ta a hannunka. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Shehu ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Na karɓa, Baffa." Maman Eunice ta share fuska da bakin zani ta ɗaga murya, "Ni dai na shaida!" Mu uku muka ji. Manyan mutanen suna can suna musafaha da Alhaji, suna yaba masa yadda ya ceci taro. Da na shiga na gaya wa Larai kalma bayan kalma, ta ce, "To yanzu aka ɗaura mini aure."

Ga mu a shekarar da ta biyo baya. Larai na ɗakinta lafiya. Baffa yana nan yana fita da jiniya, an ce a ɗakin saƙa har yanzu shi ne Mai Labarai. Amma idan ya ratso layi, yara na bin bayansa da "na, na, na", iyayensu na jin su daga cikin gida ba mai tsawatarwa. Babbar rigar tana ƙasan akwati. Alhaji kuwa, an ce ya sami abin da ya zo nema, ba mu sake ganin takalminsa ba sai kwanan baya, da ya ji an fara zuwa tambaya a kaina. Ya aiko wai in an tashi a sanar da shi da wuri, tunda yanzu an san wanda ke ba da aure a gidan. Na ce wa ɗan aiken ya gaya masa goro na nan yana jiran mai rabawa.

Na riga na gaya wa Inna, na gaya wa mai nemana. A ƙarshen dakali za a shimfiɗa tabarma, injin Maman Eunice yana aiki, kuma duk wanda ya kawo lasifika layinmu ni zan tsinke wayar da hannuna. Sun yarda. Wanda ya rage shi ne Baffa. Da na kai masa maganar, girgiza kai kawai ya yi. Na ɗauko rediyon, wadda tun ranar bai sake taɓawa ba, na goge mata ƙura, na murɗa ta tsakanin tasha da tasha, na ajiye a gabansa don ya ba ni amsa da baki. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya miƙa hannu ya kashe.

Wannan shi ne abin da aka yi mana, kuma shi mutanen Makera suke yi wa dariya. Na ce wa dangin mai nemana su dakata sai damina ta faɗi. Ranar da ruwa ya sauko kan kwano, irin na tsakiyan nan, zan je zaure in zauna a gabansa in sake tambaya. Ruwan sama dai ba shi da wurin kashewa.